Yadda ake shirya tafiyar jirgin ruwa a Kogin Nilu daga Luksor zuwa Aswan a lokacin kaka

Tun da muka dawo daga Masar mutane suka hana ni sakat da tambaya, wai nawa muka kashe, ta ina aka fara, ana samun abincin kirki kuwa, mutum zai iya tafiya da iyali? Wasu ma ɗauka suke sai mai kuɗin gaske. Toh bari in jero abin daki-daki yadda na san shi, har da inda na yi kuskure, don kar wani ya sake taka wurin.

Abu guda da ya kamata ka sani kafin komai: jirgin nan ba wai kwana huɗu zai yi yana gudu a ruwa ba. Tsakanin Luksor da Aswan kilomita 200 ne da 'yan kai, tafiyar gaske ba ta fi yini ɗaya da rabi ba, sauran lokacin jirgin a ɗaure yake a gaɓa kamar otal, kai kuma kana fita gari kana dawowa. Shi ya sa daɗin tafiyar ko wahalarta kusan duk a gida ake yanke su, kafin ka tura wa kowa sisi.

1. Zaɓi sati, ba wata kawai ba

Lokacin da ya fi shi ne daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, wato daidai kakarmu ana yankan gero da dawa. A Satumba har yanzu kudancin Masar wuta ne, zafi yana kusantar digiri 40, kuma kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri na saba, zafin cikin duwatsu da ramukan kaburbura daban ne, babu inuwa ko ta bishiya ɗaya. A Oktoba rana tana kai 35 haka, a Nuwamba ta sauko wajen 30, dare kuma ya yi sanyi mai daɗi irin na farkon hunturu. Daga tsakiyar Disamba Turawa ke cika wurin saboda hutun ƙarshen shekara, farashi ya haura, layi ya yi tsawo.

Ni in za a bi ta tawa, sati biyun farko na Nuwamba.

Kula: ranar 22 ga Oktoba ce hasken rana ke shiga har ƙuryar tsohon haikalin Abu Simbel da ke kudu da Aswan, ana yin biki a kai, wannan satin Aswan cike take. In ba don shi za ka je ba kauce masa, in don shi ne kuma kama wuri da wuri. Sannan agogon Masar yana komawa baya da awa ɗaya a ƙarshen Oktoba, kafin nan sun fi Najeriya da Nijar da awa biyu, bayan nan awa ɗaya. Mutum kan rasa jirgin sama a kan wannan ɗan abin.

2. Takardu

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida. Biza daga ofishin jakadancin Masar ake nemanta kafin a tafi, na Abuja ga 'yan Najeriya, na Yamai ga 'yan Nijar, kuma ka ba ta lokaci, wata biyu kafin tafiya ka fara, ba sati biyu ba. Za a so ganin bayanin asusun banki, shaidar aiki ko sana'a, shaidar masauki da ta tikitin dawowa. A nan takardar da kamfanin jirgin ruwan zai ba ka tana da amfani sosai, ka sa su rubuta sunanka yadda yake a fasfo harafi da harafi, Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin ma'aikaci.

Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, dole ne. Allurar sai ta kwana goma kafin a ɗauke ta a matsayin mai aiki, don haka kar ka bar ta sai jajibiri. In da iyali za ka tafi jefa takardar aure a jaka, ba nauyi gare ta ba, wani otal yakan tambaya.

Gargaɗi: kar ka biya kuɗin jirgin ruwa duka kafin biza ta fito. Ka ba da kafin alƙalami kawai, kuma a rubuta maka nawa za a dawo maka da shi in ba ta fito ba.

3. Ta wane ɓangare za ka fara?

Nilu daga kudu yake gangarowa arewa. Wanda ya tashi daga Luksor zuwa Aswan hawa yake yi, ruwa na tura shi baya, yawanci kwana huɗu ne. Wanda ya tashi daga Aswan gangara yake, kwana uku. Wuraren da ake tsayawa duk ɗaya ne, bambancin shi ne gaggawa.

Na kwana huɗu ya fi, musamman in akwai dattijo ko yara. Dalilina: Luksor ce mai wahala, can ne tafiyar ƙafa da rana da tashin asuba suke, gara ka gama da ita kana da ƙarfi, ka ƙare a Aswan wadda gari ne mai sanyin rai. Wanda ya yi akasin haka yakan isa Luksor a gajiye, a cusa masa komai a yini ɗaya da safiya guda sannan a ce fito da jakarka.

Jiragen ba kullum suke tashi ba, kowanne da ranakunsa. Da yawa Litinin ko Asabar suke barin Luksor, Laraba ko Juma'a su bar Aswan. Saboda haka fara tsayar da ranar jirgin ruwa tukuna sannan ka sayi tikitin jirgin sama, mutane suna yin sa a juye sai su ƙare da kwana biyu a otal suna jira.

4. Zaɓen jirgi da ɗaki

A nan zan ɗan daɗe don a nan aka ci ni.

Kusan kowane jirgi zai ce maka tauraro biyar ne. Wannan maganar ba ta nufin komai, akwai mai tauraro biyar da kafet ɗinsa ya girmi ɗanka na fari. Abin da za ka nema shi ne sunan jirgin kansa, ba sunan kamfanin da ke sayar maka ba. In ejan ya ce jirgi kaza ko makamancinsa, ka ce a'a, a cire makamancinsa ɗin. Da ka samu sunan ka neme shi a intanet, ka duba hotunan da fasinjoji suka ɗauka da wayarsu a 'yan watannin nan, ba na talla ba, ka fi mai da hankali kan bayi da na'urar sanyaya ɗaki.

Iri uku ne a taƙaice. Akwai babban jirgi mai hawa huɗu ko biyar, ɗakuna hamsin zuwa saba'in, da wurin iyo a rufinsa, shi ne wanda yawancin mutane ke shiga. Akwai dahabiya, ƙaramin jirgi mai filafilai biyu da bai fi ɗaki goma ba, shiru ne, yana tsayawa a ƙauyuka da tsibiran da babba ba ya iya tsayawa, amma tsadarsa ta ninka, kuma yawanci daga garin Isna, kudu da Luksor, yake tashi a kai ka can a mota. Sai faluka, kwale-kwale mai filafili, a kan katifa ake kwana a fili, wannan na samari ne, ba zan ce ka kai uwargida ba.

Kuɗi fa? A babban jirgi na matsakaici, mutum ɗaya a ɗakin mutum biyu, ka sa a ranka daga dala 400 zuwa 700 na kwana huɗu. Masu kyau sosai suna haura dala 1,000. In kai kaɗai ne a ɗaki za a ƙara maka abin da ya kai rabin kuɗin ko fiye, gara ka nemi abokin tafiya.

Sai ɗaki. Mu an ba mu na hawan ƙasa can baya, ni ban tambaya ba shi ejan bai faɗa ba. Tagar daidai saman ruwa take, inji kuma kamar a ƙarƙashin gado, kofin shayi in ka ajiye a kan tebur sai ka ga yana tafiya da kansa har bakin tebur. Daren farko uwargida ba ta runtsa ba, da safe na je wurin masu karɓar baƙi aka ce jirgi ya cika. Ka nemi hawa na biyu ko na uku, tsakiya ko gaba. Kar kuma ka karɓi na ƙarƙashin ɗakin kiɗa ko na ƙarƙashin rufi inda ake jan kujeru tun asuba.

Wani abu da ba a faɗa: a tasha jiragen jere suke kwana gefe da gefe, uku huɗu har biyar, sai ka ratsa ta cikin zauren wasu kafin ka isa naka. Ma'ana in an tsaya, ka buɗe labule tagar wani za ka gani, ba kogi ba. Don haka kar ka zuba kuɗi mai yawa don baranda. Kuma ka tambayi inda jirgin ke ɗaurewa a Luksor, wasu a cikin gari suke, wasu can kudu nesa da gari sai da tasi.

5. Sa a rubuta maka abin da ke cikin kuɗin

Tura waɗannan tambayoyin a rubuce, a amsa a rubuce, ka adana:

Tikitin shiga wuraren tarihi yana ciki? Waɗanne, da sunansu?
Ɗan jagora yana ciki, da wane harshe, mutum nawa ne a ayarin?
Ɗauko mu daga filin jirgi da mayar da mu fa?
Keken dokin zuwa haikalin garin Idfu da kwale-kwalen zuwa haikalin Fila na Aswan?
Ruwan sha?

Abinci sau uku kusan kullum yana ciki, amma abin sha ba ya ciki, har ruwan gora, kuma farashinsa a jirgi ya ninka na waje sau da yawa. Abu Simbel da balan-balan mai tashi sama da mutane na Luksor ba sa ciki sai an faɗa. Mu namu ejan cewa ya yi komai an biya, ashe tikitoci ba sa cikin komai ɗin, a ƙofar haikalin Karnak na Luksor muka gane.

Tikitocin ba ƙananan kuɗi ba ne in aka tara. A ƙarshen 2024 manyan wuraren kowanne yana tsakanin kusan fam 450 zuwa 750 na kuɗin Masar ga baƙo, kuma kusan duk shekara ana ƙarawa. Tun bayan karya darajar kuɗinsu a watan Maris na 2024 dala ɗaya ta riƙa yawo ne a kusan fam 50, sai ka duba canjin ranar ka lissafa. Ɗalibi mai katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa rabin kuɗi yake biya, 'yan Azhar da sauran ɗalibanmu na can su lura.

Gargaɗi babba: yanzu a ƙofar mafi yawan wuraren nan ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Ka tafi da katin dala mai aiki, ka gwada shi kafin ka bar gida, kar ka dogara da katin naira.

Game da harshe, in kana jin Larabci na makaranta ka sani na Masar daban ne, na mutanen kudu ma ya sake bambanta. In Turancinka ya fi ƙarfi zaɓi ayarin Turanci.

6. Isa bakin ruwa

EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja da Legas zuwa Alƙahira, daga Kano awa huɗu ne da wani abu. Daga Alƙahira zuwa Luksor awa ɗaya a sama, ko kusan awa goma a jirgin ƙasa, akwai na dare mai gado amma baƙo farashinsa daban, da kuɗin waje ake biya, sau da yawa bai fi jirgin sama araha da wani abin kirki ba. Tikitin cikin gida ka yanke shi biyu: shiga ta Luksor, fita ta Aswan.

Ka isa Luksor kwana ɗaya kafin ranar shiga jirgi. Ana karɓar fasinja wajen azahar, a ci abinci, a fita ziyara ta farko da yamma, wanda jirgin samansa ya yi latti Karnak ta wuce shi kenan kuma babu mai biyansa.

A filin jirgin Alƙahira ka sayi layin waya, Vodafone ko Orange ko WE, da fasfo ake saya. Intanet ɗin cikin jirgin ruwa kar ka sa rai da shi. Ka canji kuɗi a banki nan filin jirgin, ka roƙi ƙananan takardu na fam 10 da 20 da 50 da yawa. Dala tsohuwa ko mai yaga ba sa karɓa.

7. Kayan jaka

Takalmi rufaffe wanda ka riga ka saba da shi, hula mai faɗi ko lema, tabarau, rigar sanyi mara nauyi saboda rufin jirgi da dare, gorar ruwa, gishirin zawo na leda, maganin ciki. Soket ɗinsu mai rami biyu zagaye ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, sayi adafta tun a gida. Kaftani da abaya duk daidai ne, babu mai kallonka, sai dai babbar riga ka bar ta a gida, matakalar kabari ba wurinta ba ne. Yaji da kilishi kaɗan a ƙulle da kyau suna ceton rai ranar da abincin ya ishe ka.

Gargaɗi: kar ka kuskura ka shiga Masar da tiramadol ko kodin, ko da saƙo aka ba ka ka kai wa wani, ɗauri ake yi a kai ba wasa. Maganin da likita ya rubuta maka ka bar shi a kwalinsa tare da takardar. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma haramun ne, a filin jirgi za a ƙwace. Kuɗin waje in sun haura dala 10,000 sai ka bayyana.

8. Kwana na ɗaya da na biyu: Luksor

Yammacin farko gaɓar gabas ce, Karnak sannan haikalin Luksor. A Karnak akwai zaure mai ginshiƙai 134, ka tsaya a gindin ɗaya ka ɗaga kai har hula ta faɗi, a nan ne ayar nan da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata take faɗo wa mutum ba tare da wani ya tuna masa ba. Haikalin Luksor kuma ka roƙi a kai ku dab da magariba lokacin da ake kunna fitilu. A cikinsa akwai masallacin Abul Hajjaj a ɗare kan tsohon ginin, har yau ana salla, ƙofarsa ta wajen fili take, za ka iya yin magariba a can.

Washegari tashin asuba ne, a haye gaɓar yamma: Kwarin Sarakuna inda kaburburan fir'aunoni suke, haikalin sarauniya Hatshebsut, da wasu manyan gumaka biyu na bakin hanya. Tikitin Kwarin Sarakuna kabari uku kawai yake ba ka, ana huda shi a kowace ƙofa, don haka kar ka faɗa na farkon da ka gani, tambayi ɗan jagora waɗanne ne a buɗe masu launi. Na Tutankamun, wanda aka gano a 1922, tikitinsa daban, kuma gaskiya ƙarami ne, kayansa ma suna Alƙahira. In za ka ƙara kuɗi a kan ɗaya, na Ramsis na shida ya fi cika ido kuma ya fi araha nesa ba kusa ba a kan na Seti na ɗaya. Ɗan jagora ba ya shiga kabari da ku, a waje yake bayani, saurara kafin ka shiga.

Kula: mai gadi zai ce zo in nuna maka wani abu, ko kawo waya in ɗauke ka, duk kuɗi ne a ƙarshe. Ba laifi in kana so, fam 20 ta isa, amma ka san da haka. A hanyar dawowa za a tsaya da ku a shagon sassaƙar dutse a ba ku shayi, ɗan jagora yana da kamasho, ba dole ka saya ba.

In kana son balan-balan, wannan safiyar ce, tun kafin asuba ake ɗaukar mutum. In iska ta yi yawa ana sokewa, ka tabbatar za a dawo maka da kuɗinka.

9. Ƙofar ruwa ta Isna

Bayan azahar jirgi ke tashi. Kar ka je ka kwanta, wannan ne abin da ka biya. Hau rufi ka samu kujera a inuwa: gonakin rake da ayaba, dabino, yara na wanka da jaki, masunta biyu a kwale-kwale ɗaya na tuƙi ɗaya na dukan ruwa da sanda don koro kifi cikin raga, bayan koren kuma ba nisa sai rairayi da dutse kamar an ja layi da wuƙa. In la'asar ta yi kiran salla na tashi daga gaɓa biyu a lokaci guda.

Kimanin kilomita 55 daga Luksor akwai madatsar Isna, su suna ce wa ƙofar hawis. Jirgi na shiga wani dogon akwati na kankare, a rufe ƙofar baya, a cika ruwa har ya ɗago ku daidai da kogin gaba, sannan a buɗe. Jirgi bibbiyu ake shiga, in layi ya yi tsawo sai ku yi awanni, wani lokacin tsakar dare za ku wuce. Ba wanda ya isa ya ba ka tabbacin lokaci a nan.

Kuna jira 'yan kasuwa za su zo a ƙananan kwale-kwale su ɗaure a jikin jirgi, su dinga cillo jallabiya da mayafin tebur a cikin leda tun daga ƙasa har rufin hawa na biyar, kuma ba sa kuskure. Ana ciniki da ihu, in kun daidaita ka sa kuɗin a ledar ka jefa musu. In ba ka so mayar da kayan nan take, kar ka buɗe ka riƙe kana dariya, jirgi na motsawa rigima ce.

10. Idfu da Kom Ombo

Idfu da sassafe ake fita, haikalin yana cikin gari, yawanci a keken doki ake zuwa, hanɗur suke ce masa. Riƙe lambar keken a kanka ko ka ɗauke ta a waya, mai keken ne zai dawo da kai. Kar ka biya sai an dawo da kai bakin jirgi, in kamfani ya riga ya biya kuma ɗan ihsani kawai za ka ba shi. In ka ga dokin ya rame ko yana da gyambo ka ƙi hawa, akwai wasu. Haikalin Idfu shi ne wanda ya fi kowanne zama cikakke, har rufinsa yana nan, amma duk jiragen lokaci ɗaya suke sauke mutane, cunkoso kamar kasuwar Kwari ana jibi salla. Wuce can ciki kai tsaye ka dawo ta baya, ka fi samun sarari.

Kom Ombo da yamma ake isa, shi a bakin ruwa yake, da ƙafa za ka taka. Awa ɗaya ta isa. Tikitin ya haɗa da ɗan ɗakin da aka ajiye busassun kadoji, kar ka tsallake, yara sun fi tuna shi a kan komai.

Gargaɗi: jirgi ba ya jira. Ana ba ka kati in za ka fita, ka mayar in ka dawo, da shi suke ƙirga mutane. Ɗauki hoton sunan jirginka da lambar wayar masu karɓar baƙi, don sau da yawa kana fita jiragen na sauya jeri, ka dawo ka ga wani a inda ka bar naka.

11. Zaman cikin jirgi: abinci, salla, ciki

Nama ba abin damuwa ba ne, ƙasar Musulmi ce. Za ka ga abubuwan gida da wani suna: karkade zoɓo ne, mulukiya miyar lalo ce, bamiya kuɓewa, akwai ruwan tsamiya, a Aswan har ruwan goruba ake sha. Sai dai ana sayar da giya a mashayar jirgin, kuma akwai daren da ake kawo mai rawa, in ba ka so ka duba jadawalin da ake liƙawa kullum ka hau rufi abinka. Daren jallabiya shi wasa ne kawai, Turawa su sa dogayen riguna suna murna, mu kam kayanmu na kullum ne.

Alƙibla daga nan gabas ce ta karkata kudu. In jirgi na fuskantar Aswan tana hannun hagunka ta ɗan gaba, amma kogin na lanƙwasa, duba manhajar waya kafin ka tayar. Ka tafi da dardumarka.

Kar ka sha ruwan famfo, ko a goge baki gara na gora. Ɗanyen ganye da ƙanƙara ka yi hankali da su kwana biyun farko. Sayi katan ɗin ruwa a gari ka shigo da shi a jaka. Kuma kar ka shiga kogin wanka ko da ka ga wasu na yi, akwai tsargiya.

12. Aswan da Abu Simbel

A Aswan za a kai ku Fila, haikalin da aka kwashe dutse bayan dutse aka mayar wani tsibiri saboda ruwa, a kwale-kwale mai inji ake zuwa. Sai babbar madatsar ruwa da aka gama a 1970, minti ashirin ta ishe ka, da dogon dutsen da aka fara sassaƙa ya tsage aka bar shi a kwance. Da yamma ka ɗauki faluka na awa ɗaya a zagaya da kai tsibiran, ku yi ciniki kafin ka sa ƙafa. Ƙauyukan Nubiyawa masu gidaje shuɗɗa suna da kyau amma wanda ake kai baƙi ya zama kasuwa, gidan tarihin Nubiya da ke cikin gari ya fi koyar da mutum.

Abu Simbel kilomita 280 ne kudu, dab da iyakar Sudan. Ƙarfe huɗu na dare ake tashi, awa uku da rabi zuwa, awa biyu a can, awa uku da rabi dawowa. Ya cancanta, amma kar ka haɗa shi da jirgin saman rana ɗaya sai in na dare ne. Mafi sauƙi ka ƙara kwana ɗaya a otal a Aswan. Karɓi ƙunshin karin kumallo daga jirgi tun da dare, ka tafi da fasfo saboda shingayen hanya.

Tsaraba a kasuwar Aswan ake yi, ba a jirgi ba: dabino sabon kaka, zoɓo, gyaɗar Aswan, turare, kayan ƙamshi. Fara da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya faɗa. In ya ce biyar ko goma ka tambaya gine? wato fam na Masar, don wasu sai ka karɓi kaya su ce ai fam na Ingila suke nufi. La, shukran (a'a, na gode) sau ɗaya ka ci gaba da tafiya ta fi dogon bayani.

13. Daren ƙarshe da fita

A daren ƙarshe ka je ka biya kuɗin abin sha da wanki, ka duba takardar layi-layi, kar ka bari sai safiya kowa na layi. Za a ajiye maka ambulan na ihsanin ma'aikata, baƙshish, a saka a akwati a raba musu duka har waɗanda ba ka gani a kicin da ɗakin inji. Abin da aka saba dala 5 zuwa 10 ne kan kowane mutum a kowane dare. Na ɗan jagora daban, hannu da hannu, na direba ma daban. Ka ware wannan kuɗin tun ranar farko a wani aljihu don kar kasuwa ta cinye shi, kuma ka ba da takarda, ba sulalla na ƙasar waje ba, banki ba ya canja musu.

Ɗaki wajen ƙarfe takwas na safe ake bari. In sun riƙe fasfo ranar shiga karɓe shi tun da dare, ka buɗe ka tabbatar naka ne. Buɗe akwatin ajiya na ɗaki ka shafa hannu har ƙurya, duba bayan labule inda ake manta caja. In jirgin samanka na yamma ne za su ajiye maka jaka a zaure, sai dai ka tambayi ƙarfe nawa jirgin ruwan zai juya Luksor da sababbin fasinjoji, ka dawo ka ɗauki kayanka awa ɗaya kafin nan.